Mutum da inji a ramin kwal: hatsarin wuri ya canza

Duk sanda aka nuna bidiyon wata mahaƙar kwal ta zamani abu ɗaya zaka gani, wani mutum zaune a ɗaki mai sanyi da allunan kwamfuta jere a gabansa yana taɓa maɓalli, can ƙarƙashin ƙasa kuma inji na ta yankar kwal ba kowa a kusa da shi. Sai a ce ai shikenan, an fitar da ɗan Adam daga rami. Ni dai ban yarda an fitar da shi ba. Abin da aka yi shine an rage awowin da yake yi a gaban injin, aka bar masa lokutan da suka fi kowanne muni, wato lokacin da abu ya lalace ko ya maƙale ko kwamfutar ta rikice ta kasa gane inda take. A wannan ɗan tsakanin ne, inda aikin inji ya tsaya na mutum ya fara, ake samun yawancin matsalar, kuma shi ne ba a cika nunawa a bidiyo ba.

Bari in fara da labarin rimot tunda shi ya fi fito da abin fili. A ramukan da ake haƙa ɗaki-ɗaki ana barin ginshiƙan kwal su riƙe rufi, akwai wani inji da zan kira injin gwaguya don aikinsa kenan, ganga ce mai haƙoran ƙarfe a gabansa tana juyawa tana cin bangon kwal, yana tafiya kan sarƙa kamar tankar yaƙi, nauyinsa yakan haura tan 50. Da can direba a jikinsa yake zama cikin wani ɗan akurki, duk inda injin ya shiga da shi aka shiga, ƙura a fuskarsa, rufin da ba a gama ɗaurewa ba kusa da kansa. Sai aka kawo rimot aka ce ya sauko ya tsaya baya inda aka riga aka kafe rufi da ƙusoshi, injin ya shiga ciki shi kaɗai. Dabara ce mai kyau kuma ta ceci mutane daga ruftawar rufi, ba a musu. Amma kaga yanzu mutumin a ƙafa yake, a wani lungu da faɗinsa bai wuce kamar mita 6 ba, shi da wannan dodon, kuma injin yana da wutsiya mai ɗauke da bel da take lilo hagu da dama, in zai juya kwana gindinsa yakan yi gefe da ƙarfi. In kana tsakaninsa da bango a wannan daƙiƙar babu inda zaka gudu. Hukumar kula da lafiyar mahaƙa ta Amurka, MSHA, ta ƙirga mutum 35 da irin wannan inji ya matse ko ya buge har lahira daga 1984 zuwa lokacin da ta fitar da doka a kai a farkon 2015, kuma da yawa cikinsu su ne ma ke riƙe da rimot ɗin, mutum da hannunsa ya tuƙo injin kansa saboda ya matso ya ga kebul ko ya ga kwana sosai. An gudu ba a tsira ba kenan.

Mutum zai ce to a yi yadda ake yi a masana'antar mota mana, a kewaye robot da shinge, duk wanda ya buɗe ƙofa wuta ta ɗauke. Matsalar ita ce ramin kwal ba masana'anta ba ne, wurin aikin kansa tafiya yake, inda kake tsaye yau gobe ya rufta an wuce gaba, ba inda zaka kafa shinge ya zauna. Babu GPS a ƙarƙashin ƙasa. Kamara tana makancewa da ƙura da feshin ruwa. Ƙarfe ya cika ko'ina yana karkatar da sigina. Uwa uba kuma gas, wato metan da ke fita daga jikin kwal, ba shi da launi ba shi da wari, in ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin tartsatsi ɗaya ya isa. Shi yasa ba kowace na'ura ake shiga da ita ba, ko dai a yi ta da ƙarancin wutar da ba za ta iya kunna gas ba, ko a rufe ta cikin akwatin ƙarfe mai kaurin da ko abu ya fashe a ciki wutar ba za ta fito waje ba. Sensar da a waje zaka riƙe a tafin hannu, kafin ta cancanci shiga rami ta zama jibgegen abu, kuma sai ta jira gwaji da takardar amincewa, wannan ne yasa fasahar rami take biyo bayan ta sama da shekaru.

Inda aka fi cin gaba shine tsarin dogon bango. Ka ɗauka an yanki wani shimfiɗaɗɗen kwal mai faɗin mita 200 zuwa 400, tsawonsa kilomita biyu ko uku, injin yanka yana kai da komowa a fuskarsa yana aske shi sala-sala, kwal na zubowa kan wani bel na sarƙa a ƙasa. Sama da kan ma'aikata kuma garkuwoyi ne na ƙarfe jere, sama da 100 wani lokacin har 200, kowacce tana da ƙafafun haidurolik da ke tokare rufi, kowacce nauyinta tan goma-goma ne ba ɗaya ba. Injin yanka na wucewa sai garkuwa ta sassauta ta ja jiki gaba ta sake tokarewa, rufin da ta bari a baya kuma a bar shi ya rufta da gangan. Tun shekarun 1960 hukumar kwal ta Birtaniya ta gwada tafiyar da wannan daga nesa, abin bai ɗore ba don na'urorin lokacin ba su iya jure rami ba kuma injin bai san inda yake ba. Wannan matsalar ta sanin wuri sai a shekarun 2000 cibiyar binciken kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, ta samo bakin zarenta, ta ɗora wa injin yanka irin na'urar da jiragen sama da na ƙarƙashin ruwa ke lissafa matsayinsu da ita daga motsin jikinsu kawai ba sai da tauraron ɗan Adam ba. Da wannan injin ke sanin ko layin ya karkace, ya gaya wa garkuwoyi wacce za ta matsa da yawa wacce kaɗan. Akasarin ramukan dogon bango na Ostireliya sun ɗauka, daga baya ya bazu zuwa Amurka da Sin.

To yanzu ka tsaya a wurin ma'aikacin da ke tafiya a ƙarƙashin garkuwoyin nan. A da in garkuwa za ta motsa wani ne ya danna, yana tsaye kusa, ya waiga ya ga ba kowa. Yanzu injin yanka ne ke ba ta umarni, ya wuce garkuwa ta 80 sai ta 75 ta sauko ta ja gaba da kanta. Akwai ƙara da fitila da take yi kafin ta motsa, amma wurin dama cike yake da ƙara da fitilu. Abin da yake kashe mutum a nan ba ƙarfin inji ba ne kaɗai, rashin sanin halin da injin yake ciki ne, shin yana kan aikin kansa ne ko an mayar da shi hannu, shin a kashe yake ko jira yake. Inji mai aikin kansa in ya tsaya kamanninsa ɗaya da wanda aka kashe. Mai yiwuwa wani katon dutse ne ya tare bel, kwamfuta ta dakatar da komai tana jiran hanya ta buɗe, bakanike ya zo ya fasa dutsen, hanya ta buɗe, sharaɗin da take jira ya cika, ita kuma ba ta san wanda ya buɗe hanyar yana nan tsaye a kai ba. Ko kuma wanda ke ɗakin kula a sama ya ga alama ta koma kore ya danna ci gaba.

Maganin wannan tsohon abu ne, kwaɗo. Kafin ka sa hannu a inji ka je ka kashe wutarsa daga tushe ka rataya kwaɗonka da sunanka a jiki, makulli a aljihunka, in ku biyar ne kwaɗo biyar, ba mai iya kunnawa sai kowa ya zo ya cire nasa. Sai kuma a gwada kunnawa a tabbatar da gaske ya mutu. Sai dai aikin kai ya dagula wannan ma, don yanzu umarni ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba, yana iya zuwa daga rimot, daga allon jikin garkuwar maƙwabciya, daga bakin layi, daga sama. Danna tsaya a manhaja ba kashewa ba ne, roƙo ne ka yi wa kwamfuta. Kuma ko an ɗauke lantarki akwai ƙarfin da ke ɓoye, ruwan haidurolik da ke matse a cikin tiyo da ƙarfin da ya ninka na tayar mota sama da sau ɗari, ɗan tsinin ɓula in ya feso zai huda fata ya shiga nama, da sarƙar bel da ke a ɗaure tam tana jiran a saki ta.

Daga nan sai na'urar gane kusanci, wadda dokar 2015 ɗin nan ta Amurka ta wajabta a jikin injin gwaguya. Yawanci da maganaɗisu take aiki, ana ɗaura wasu akwatuna a jikin injin suna fitar da fili na maganaɗisu kewaye da shi, ma'aikaci kuma yana ɗauke da ƴar na'ura a ɗamara tana auna ƙarfin filin. Ya matso zuwa da'irar farko sai ƙara da fitila, ya shiga ta biyu injin ya tsaya cak. An zaɓi maganaɗisu ne don yana ratsa ƙura da labulen da ake karkatar da iska da shi a rami har da kwal, abin da kamara ba za ta iya ba. Masana harkar sun kasa kariya daga karon inji mataki tara, ukun ƙarshe su ne na irin wannan na'ura, na 7 a sanar da direba akwai wani abu kusa, na 8 a gaya masa abin da zai yi, na 9 injin ya ƙwace iko ya rage gudu ko ya tsaya da kansa, kuma Afirka ta Kudu tun Disamban 2022 ta sa dokar da ke neman wannan mataki na ƙarshe a motocin mahaƙa ta fara aiki.

A takarda abin ya yi kyau. A rami kuwa filin maganaɗisun ba ya zama da'ira mai kyau kamar yadda aka zana, ragar ƙarfen da ake shimfiɗawa a rufi da bango tana lanƙwasa shi, kebul ɗin wuta yana jan shi, har ma na'urar auna ƙura da ma'aikacin ke ɗauke da ita a ɗamara ɗaya an gano tana iya rikita ta gane kusancin in sun yi kusa da juna sosai, na'urar kare huhu tana kurmantar da na'urar kare ƙashi, ka ji fa. Sannan ga tambayar da ba injiniyan da zai amsa shi kaɗai, yaya girman da'irar zai kasance? Ka yi ta ƙarama, injin ba zai gama tsayawa ba kafin ya taɓa mutum. Ka yi ta babba, injin zai riƙa tsayawa sau talatin a shifti ba dalili, mai tuƙi ba zai iya tsayawa inda zai ga aikinsa ba, sai ranar da wani zai cire na'urar ya rataye ta a jikin ƙusa can nesa ya dawo ya ci gaba da aiki. Kwamfuta tana ganinsa a wuri mai aminci, shi kuma yana gindin injin. Wannan ya fi rashin na'urar muni ma, don sauran abokan aikin sun riga sun saki jiki cewa injin ba ya taka mutum. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma kunnen da aka dame shi da ƙarar ƙarya wata shida ya daina ji.

Ni a ganina duk inda ka ga ma'aikata na zagaye na'urar kariya, kafin a kira su masu ganganci a fara tambayar sau nawa ta yi musu ƙarya, kuma wa ke biyan kuɗin tsayawar. In bonas ɗin shifti a kan tan nawa aka fitar yake, kowace tsayawa daga aljihunsu take fita, kuma wanda na'urarsa ta tsayar da injin shi za a harara.

Akwai wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Birtaniya, Lisanne Bainbridge, da ta yi rubutu a 1983 kan wannan ruɗanin, ba ma a kan kwal ba, amma kamar da rami take. Abin da ta nuna shine mai ƙera inji yana ɗauke wa mutum duk aikin da ke da sauƙin koya wa inji, ya bar masa wanda ya gagara, sannan ya ce ya zauna ya sa ido. Ɗan Adam kuwa ba a yi shi don kallon abin da ba ya canzawa ba, bayan kamar rabin awa hankali ya fara yawo. Ga kuma hannu yana mutuwa, mai yankan da a da kullum shi ke ɗaga ganga yana sauke ta yana bin layin kwal da ido, yanzu wata uku bai yi ba, ranar da aka ci karo da tsagewar ƙasa ko dutse ya kutso cikin kwal kwamfuta ta ce ta gaza, ranar ce za a ce ya karɓa, a wuri mafi wuya da hannu mafi sanyi. Su da suka koya da hannu ma da sauƙi, yaran da za su zo bayansu waɗanda a kan allo suka fara fa?

Akwai kuma abin da jiki ke ji wanda waya ba ta ɗauka. Tsofaffin mahaƙa suna cewa rufi yana magana kafin ya faɗo, ƙarar tsagewa, ɓarɓashi na zubowa, a zamanin tokaren katako itacen yana kuka. Mai yanka yana ji a ƙafarsa in haƙora sun bar kwal sun shiga dutse, yana ganin tartsatsi, yana jin iska ta canza a wuyansa. Wanda ke ɗakin kula lambobi yake gani. Lambobin sun fi kunne daidai a abubuwa da yawa, gaskiya ne, sensar matsi a ƙafar garkuwa tana ganin nauyin rufi na ƙaruwa tun kafin kowa ya ji komai, kuma ba wanda zai ce a koma zamanin kanari, tsuntsun da sai a 1986 Birtaniya ta daina shiga da shi rami don gane iska mai guba. Amma sensa abin da aka ce ta auna kawai take aunawa a inda aka ɗaura ta.

Wanda ya kawo mu maganar gas, kuma a nan ne na fi ganin cewa matsalar ba ta na'ura ba ce. A dokar Amurka injin yanka yana ɗauke da sensar metan, in ya kai kashi 1 ta yi gargaɗi, in ya kai kashi 2 ta ɗauke wutar injin da kanta, wannan ma ai aikin kai ne, kuma tsoho. Duk da haka ranar 5 ga Afrilun 2010 ramin Upper Big Branch a jihar Wes Bajiniya ya fashe, mutum 29 suka mutu. Bincike ya nuna wutar daga wajen injin yanka ta tashi, haƙoransa sun cinye suna gogar dutse, wasu bututun feshin ruwan da ya kamata su kashe tartsatsi babu su, ƙurar kwal kuma ta taru ba a rufe ta da garin dutse yadda ya kamata ba, sai ƴar wutar gas ta zama fashewar ƙura ta bi ramin kilomitoci. An kuma gano kamfanin na da littafi biyu, wanda ake nuna wa sufeto da wanda ake rubuta gaskiya, kuma ana sanar da na ƙasa in sufeto ya iso ƙofa. Shugaban kamfanin, Don Blankenship, shekara ɗaya ya yi a gidan yari. A Nuwamban wannan shekarar dai ramin Pike River na Niyu Zilan ya fashe, nan ma 29, kwamitin bincike ya ce cikin kwana 48 kafin abin sau 21 aka kai rahoton gas ya kai matakin fashewa, kuma an samu inda aka toshe ko aka zagaye sensa. Bayanin yana nan, ba wanda ya tsayar da aiki.

Na Grosvenor a Kwinslan ta Ostireliya ya fi kusa da maganarmu, don a lokacin rami ne na zamani mai kayan aiki na gani na faɗa. A Mayun 2020 gas ya kama a fuskar dogon bango mutum biyar suka ƙone sosai. Binciken da aka yi ya nuna gas ya sha wuce iyaka a makonnin da suka gabata, kuma saurin da ake yanka ya fi ƙarfin tsarin zuƙe gas ɗin. Wannan abu ne da ba a cika faɗa ba, kwal in ka yanke shi gas yake saki, ka ninka gudun yanka ka ƙara gas, inji mai aikin kansa kuma ba ya gajiya ba ya shan iska. Sai dai in an ɗaura gudunsa da sensar gas ɗin yadda zai rage da kansa, kuma ana iya yi, tambayar ita ce a wane lamba za a sa ya fara ragewa da kuma wa ke da ikon canza lambar. Waɗanda suka ƙone ɗin ma'aikatan kamfanin haya ne ba na dindindin ba, kuma binciken ya taɓo cewa irinsu suna tsoron in sun ɗaga murya kan hatsari ba za a sake kiransu aiki ba.

A buɗaɗɗen rami na sama abin ya fi sauƙi, akwai GPS akwai fili. Manyan tifofi marasa direba sun fara ne a mahaƙun tagulla da tama tun wajen 2008, daga baya suka shigo kwal, irin su Goonyella Riverside a Kwinslan da wasu ramuka a Mongoliya ta Gida a Sin. Dabarar a can raba hanya ce, a ware yankinsu da ƙofa, duk ƙaramar motar da za ta shiga sai da na'urar da ke sanar da tsarin inda take da kuma direban da aka horar, kowa da maɓallin tsayar da su. Hatsarin yana wajen haɗuwa, mai loda da mai gyaran hanya da mai ban ruwa duk mutane ne, ga taswirar da in ba a sabunta ta ba tifa za ta bi hanyar jiya, ga ruwan sama da ke sa ƙasa santsi. Direban mutum kana iya haɗa ido da shi ka gane ya gan ka, wannan kuwa fitilar da ke kanta kawai zaka karanta.

Kar a ce na ƙi abin, ban ƙi ba. Ribar da ta fi kowacce ita ce huhu. Ciwon baƙin huhu ya dawo da ƙarfi a yankin Afalashiya na Amurka har ga masu ƙananan shekaru, Kwinslan ma ta sake gano shi a 2015 bayan an ɗauka ya ƙare, kuma wani ɓangare na dalilin shine injuna masu ƙarfi suna yanka har da dutsen da ke sama da ƙasan siririn kwal, ƙurar dutsen kuma ta fi ta kwal cin huhu. Amurka ta rage iyakar ƙura daga miligiram 2 zuwa 1.5 a kowace kubik mita ta iska daga 2016. Duk mitar da aka matsar da mutum daga bakin ganga zuwa ɓangaren iska mai tsabta riba ce da zai gani bayan shekara ashirin. Sin ma da ke haƙo kusan rabin kwal ɗin duniya, mutanen da ke mutuwa a ramukanta sun sauko daga kusan 7,000 a 2002 zuwa ƴan ɗaruruwa a shekara, kuma tun 2020 gwamnati ta sa ramuka masu basira a gaba gadan-gadan. Sai dai kar a ba kwamfuta duk ladan, rufe dubban ƙananan ramuka da sa injuna a inda ake haƙa da hannu da nakiya su suka yi yawancin aikin tun kafin a zo kan 5G.

Wani abu da nake ganin ya kamata duk mai shigo da sabon inji ya sani ya faru ne tun 1951. Wasu masu bincike biyu a Birtaniya, Eric Trist da Ken Bamforth, shi na biyun ma tsohon mahaƙi ne, sun duba me yasa aka kawo injuna ramukan kwal amma abin bai ba da yadda aka zata ba, fashin aiki ya ƙaru, rigima ta ƙaru. Suka gano cewa a da ƴan ƙungiyoyi ne ƙanana, su suke zaɓar junansu, kowa ya iya aikin kowa, kowa na gadin bayan ɗan'uwansa, sabon tsarin kuma ya yayyanka aikin ya raba shi shifti-shifti yadda kowa ke gadar ɓarnar wanda bai taɓa gani ba. Yau ma haka ne da sabon salo, layin da a da mutum goma ke kai yanzu uku ne ko huɗu a warwatse, in abu ya same ka wa zai gani? Na sama da na ƙasa kuma sun zama ƙungiya biyu, ɗaya na ganin lamba ɗaya na ganin dutse, in ba sa juyawa wannan ya sauka wancan ya hau, magana ɗaya za su yi ta rediyo kowa ya fahimci abu daban.

Sai batun yarda. Bayan hatsarin ramin Sago na 2006 da mutum 12 suka mutu Amurka ta yi dokar da ta sa a riƙa sanin inda kowane mahaƙi yake a rami, don ceto. Na'urar gane kusanci ma tana rubuta duk sanda ka shiga da'ira. Wannan bayanin in aka zauna da ma'aikata aka duba aka ce me yasa kowa ke shiga ja a wannan kwanar, sai a gano kebul ne ke maƙalewa a wurin a gyara, to ya yi amfani. In kuwa takardar gargaɗi ake bugawa da shi, ko ranar da abu ya faru a zaro shi a shafa wa mamaci kashin kaji a ce ai shi ya shiga, to an koya wa kowa ya ɓoye, kuma rahoton saura ƙiris, wanda shi ne abu mafi daraja da kamfani zai samu kyauta, zai ƙafe.

Har yanzu akwai ayyukan da ba inji ya karɓa ba, kuma in ka duba su ne na kusa da haƙori. Robot ɗin da aka tura Sago laka ta riƙe shi, wanda aka fara turawa Pike River ruwa ya kashe shi bai yi nisa ba. Jan kebul, haɗa tiyon da ya fashe, fasa dutsen da ya tare bel, kwashe garkuwoyi ɗaya bayan ɗaya in layi ya ƙare a kai su sabon wuri, duk da hannu ne. Haka canza haƙoran ganga, irin waɗanda aka bari suka cinye a Upper Big Branch, wani ne zai zo ya tsaya a gaban gangar da guduma, fuskar kwal a gefensa ba abin da ya tokare ta, ya ciro su ɗaya-ɗaya ya sa sababbi, sama kuma ana kallon agogo ana kiran rediyo ana tambayarsa saura minti nawa.